Skyrim: sulhu da wuƙa a wuya, sharhina kan siyasar da ke cikin gem ɗin

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk wanda ya ce muku Skyrim gem ne na farautar dodanni masu aman wuta bai yi ƙarya ba, amma rabin zance ya faɗa muku, kuma ni a wajena ba rabin nan ne mai daɗin ba. Abin da ya riƙe ni a gem ɗinnan siyasar cikinsa ce, manyan ƙasashe biyu da suka gwabza har suka gaji suka sa hannu a takardar sulhu kowa na cizon yatsa, yanzu ana zaman doya da manja, ana haɗuwa a wajen liyafa ana washe baki alhali kowa ya san ba a gama ba. A kan wannan zan fi tsayawa, maganar hoto da faɗa da kuɗinsa zan taɓo amma a gurguje.

Ga wanda bai san shi ba, cikakken sunansa The Elder Scrolls V: Skyrim, kamfanin Bethesda na Amurka ne ya yi shi, ya fito ranar 11 ga Nuwamba 2011 a kwamfuta da PS3 da Xbox 360. A 2016 suka sake fito da shi da gyaran hoto da sunan Special Edition, a 2017 ya hau Nintendo Switch, a 2021 da ya cika shekara goma aka ƙaro Anniversary Edition, har tsokanar jagoran aikin Todd Howard ake a intanet wai ya ƙi barin gem ɗin ya huta. To ta ina zai bari, shi da bakinsa a 2023 ya ce an sayar da sama da kwafi miliyan 60.

Yanzu ga asalin rigimar, kuma sai kun yi haƙuri da ni a nan don in ba a gane wannan ba duk abin da ke faruwa a gem ɗin hayaniya ce kawai. Labarin yana faruwa a wata nahiya da ake kira Tamriel, a shekara ta 201 ta zamani na huɗu a lissafinsu. Akwai tsohuwar Daula ta mutane mai hedikwata a Cyrodiil, ta tsufa ta raunana amma har yanzu ita ke riƙe da yankuna irin su Skyrim, ƙasar ƙanƙara da duwatsu ta mutanen Nord. A ɗaya gefen akwai Aldmeri Dominion, ƙasar jinsin Elf masu dogon kunne da tsawon rai, wadda wata jam'iyya mai suna Thalmor ke mulka, su kuma a ganinsu ɗan adam bai kai ya ja da su ba ko kaɗan. A shekara ta 171 jakadan Thalmor ya zo fadar Sarkin Daula Titus Mede na Biyu da jerin buƙatu, a biya su haraji, a rusa ƙungiyar Blades wato 'yan leƙen asirin sarki, a haramta bautar Talos, ɗaya daga cikin allolin mutanen Daula, a kuma miƙa musu babban yanki na Hammerfell, wani lardin Daular. Sarki ya ce a'a. Jakada ya kifar da keken da ya zo da shi, sai ga kawunan 'yan Blades da ke aiki a ƙasarsu sama da ɗari suna gangarawa a ƙasa. Daga nan yaƙi ya ɓarke, a 174 babban birnin Daula ya faɗi hannun Elf, a 175 sarki ya dawo ya ƙwato shi a wani ƙazamin faɗa, ya kama janar ɗinsu Naarifin aka rataye shi da ransa a jikin hasumiyar fada kwana 33.

To ga inda marubutan gem ɗin suka burge ni. Sarkin nan da ya ci wannan nasarar, a shekarar dai, ya zauna ya sa hannu a yarjejeniyar White-Gold Concordat, kuma sharuɗɗan cikinta kusan su ne dai waɗanda ya ƙi amsa tun farko. An haramta Talos, an rusa Blades, an yarda a ba da kudancin Hammerfell, an kuma ba jami'an Thalmor damar shiga ƙasar Daula suna kama masu bautar Talos. Shekara huɗu ana zubar da jini an dawo inda aka fara. In ka tambayi masu goyon bayan Daula za su ce sojoji sun ƙare, babu rundunar da ta rage da ƙarfinta, gaba kura baya sayaki, gara a sayi lokaci a sake shiri. In ka tambayi masu adawa za su nuna maka Hammerfell, don mutanen can ƙin yarjejeniyar suka yi, Daula ta zare hannunta daga kansu ta bar su su kaɗai, kuma suka ci gaba da faɗa har 180 sai da Elf suka janye daga ƙasarsu. Kenan da an daure da an iya? Ko kuwa Hammerfell ta tsira ne don an riga an karya lagon Elf a Cyrodiil? Gem ɗin bai raba gardamar ba, ya bar ka da ita, kuma har yau masoyansa suna ta yi.

Shi Talos ɗin da ake ta rigima a kai, a tatsuniyarsu mutum ne, Tiber Septim wanda ya kafa Daular, wai bayan mutuwarsa ya shiga sahun allolinsu. Mutanen Nord suna ji da shi sosai. Kar wani ya ɗauka Thalmor wasu masu kishin gaskiya ne da suka hana bautar mutum, ina, su ma da nasu tarin allolin, abin da ke ƙona musu rai shi ne a ce ɗan adam ne ya kai wannan matsayin ba Elf ba, sannan sun san in ka hana mutanen Nord Talos ka haɗa su faɗa da Daular da suka zubar wa jini. Kuma hakan aka yi.

Wanda ya ɗauki tutar tawayen shi ne Ulfric Stormcloak, sarkin Windhelm, tsohon sojan Daula ne ma da ya yi wancan yaƙin. Skyrim yanki tara ce, kowanne da sarkinsa da suke kira Jarl, a samansu akwai Babban Sarki a Solitude. Ulfric ya shiga fadar Solitude ya ƙalubalanci Babban Sarki Torygg, matashi, ya buga masa tsawar nan ta sihiri da ake kira Thu'um ya kashe shi. Mutanensa suka ce ai fito-na-fito ne bisa al'adar kakanni, Daula ta ce kisan kai ne tsagwaronsa. Ƙasa ta rabe, Solitude da Markarth da Morthal da Falkreath suna tare da Daula, Windhelm da Riften da Dawnstar da Winterhold suna tare da Ulfric, Whiterun a tsakiya sarkinta Balgruuf ya ce shi ba ya bayan kowa sai mutanen garinsa. Kai kuma gem ɗin yana buɗewa ne kana ɗaure a bayan keken doki tare da Ulfric ɗin za a kai ku Helgen a fille muku kai, sunanka ma babu a takarda amma kyaftin ɗin Daula ta ce a haɗa da kai. Wannan wayo ne na marubuta, tun minti na farko sun sa ka tsani Daula, shi ya sa yawancin sababbin 'yan wasa da gudu suke tafiya wajen Ulfric.

Sai ka isa Windhelm jikinka ya yi sanyi. Tun daga bakin ƙofa za ka tarar da wasu 'yan Nord biyu sun tsare wata mata 'yar Dunmer, wato baƙaƙen Elf da suka yi gudun hijira bayan dutsen ƙasarsu ya yi aman wuta, suna zaginta wai 'yar leƙen asiri ce. An cusa su a unguwa ɗaya mai suna Gray Quarter, gidaje duk sun lalace, su kuma 'yan Argonian masu siffar ƙadangare ko cikin gari ba a bari su zauna, suna can bakin tashar jirgin ruwa suna dako a cikin sanyi. Mutumin da ke ihun 'yanci kenan, a garinsa. Kuma in ka je Markarth ka ji abin da ya faru a 176 abin ya ƙara cakuɗewa, 'yan asalin yankin da yanzu ake kira Forsworn sun ƙwace garin lokacin da Daula ta shagala da yaƙi, aka roƙi Ulfric ya ƙwato shi da alkawarin za a bar su su yi bautar Talos a fili, ya ƙwato da ƙarfin tsiya, da Thalmor suka ji labari suka matsa lamba sai aka saɓa alkawari aka kama shi aka ɗaure. Kowa a labarin nan an zalunce shi kuma ya zalunci wani.

Daular ma ba wai ta wanku ba ne. Ranar da ka fara shiga Solitude abin da zai tarbe ka shi ne ana fille kan wani mai gadin ƙofa Roggvir a bainar jama'a, laifinsa ya buɗe wa Ulfric ƙofa ya fita. Janar Tullius da aka turo daga Cyrodiil ƙwararren soja ne amma bai san al'adar mutanen da yake mulka ba kuma bai damu ya sani ba, kullum mataimakiyarsa Rikke ce ke masa bayani, ita kuwa 'yar Nord ce, tsohuwar abokiyar yaƙin Ulfric, kuma a ɓoye tana nan da Talos ɗinta a zuci. Matar marigayi Torygg, Elisif, tana kan kujera amma kowa ya san Tullius ke juya ta, ita ma in ta yarda da kai za ta ba ka ƙahon yaƙin mijinta ka kai wajen bautar Talos a asirce, abin da gwamnatin da take wakilta ta haramta. A kan hanya kuma kana tafiya sai ka ci karo da jami'an Thalmor cikin baƙaƙen riguna suna jan wani ɗan Nord a ɗaure, a ƙasarsa, kuma doka tana bayansu. Wallahi ko kana goyon bayan Daula ranar sai ka ji kunya.

Abin da na fi so shi ne ba a zaunar da kai a karanta maka duk wannan ba. A bakin mutane kake tsinta. Wani maƙeri a ƙauyen Riverwood, Alvor, zai ce maka da can babu wanda ya damu da haramcin, kowa da ɗan wurin bautarsa a gida ana kau da kai, sai da Ulfric ya tada ƙura sannan Thalmor suka samu hujjar shigowa suna kwashe mutane cikin dare. A Whiterun akwai gidaje biyu, Battle-Born da Gray-Mane, da aminai ne na ƙut da ƙut yanzu ko gaisuwa babu saboda yaƙin, tsohuwa Fralia tana kasuwa tana rantsuwa ɗanta Thorald yana raye ana ce mata ya mutu, in ka bi diddigi ka same shi a hannun Thalmor a wani kurkuku can arewa, kuma ɗan gidan Battle-Born yana soyayya da 'yar gidan Gray-Mane a ɓoye. Matsafiyar fadar Solitude ma za ta gaya maka Torygg yana girmama Ulfric sosai, da ya zo ya roƙe shi su ɓalle daga Daula da wataƙila ya yarda. Ka ji fa. Wato mai yiwuwa kisan ma bai zama dole ba, sai dai in kujerar ake so.

Daga nan akwai tona asirin labari, wanda bai buga ba kuma ba ya so a ɓata masa ya tsallake sakin layi uku.

Akwai mishan da za ka shiga ofishin jakadancin Thalmor a matsayin baƙon liyafa, jakadiyarsu Elenwen tana karɓar manyan gari ana shaye-shaye ana dariyar da ba ta kai ciki ba, kai kuma ka sulale ka shiga ɗakunan baya. A can za ka samu fayil ɗin da suka buɗe wa Ulfric. Ashe a lokacin babban yaƙin sun taɓa kama shi, Elenwen ɗin nan ce ta yi masa tambayoyi, suka sa ya yarda cewa bayanin da ya fallasa ne ya jawo faɗuwar babban birni alhali birnin ya riga ya faɗi kafin ya buɗe baki, sannan suka bar shi ya gudu. A fayil ɗin sun rubuta shi a matsayin wanda ke musu amfani amma ba ya ba da haɗin kai. Mutane da yawa suna karanta wannan su ce shikenan Ulfric ɗan amshin shatan Thalmor ne, ni ban ga haka ba, mutumin ya tsane su da gaske, amfani ake da shi bai sani ba, wanda in ka duba ya fi muni. Kuma ƙarshen takardar ya fito da manufar a fili, ba sa so Daula ta ci, ba sa so Ulfric ya ci, so suke a yi ta yi. Duk sojan da ya faɗi a Skyrim ko na wane ɓangare ne, soja ɗaya ne ya ragu a yaƙi na biyu da kowa ya san yana tafe.

Sai zaman sulhun High Hrothgar, wanda a ganina shi ne wuri mafi kyau a gem ɗin gaba ɗaya duk da ba a zare takobi ko sau ɗaya ba. Kana buƙatar fadar Balgruuf don ka yi wa wani dodo tarko, shi kuma ya ce ba zai yarda ba alhali runduna biyu suna jiran ya yi kuskure su afka wa garinsa, dole ka tattaro kowa a kan dutse wajen tsofaffin Greybeards masu zaman kaɗaici, dattijo Arngeir ya shugabanci zaman ba don yana so ba. Tun kafin a zauna rigima ta tashi, Ulfric ya ga Elenwen a cikin tawagar Daula ya ce in tana nan shi ba ya zama, aka juyo aka ce kai ka yanke, in ka kore ta Tullius ya ƙullace ka in ka bar ta Ulfric ya ƙullace ka. Elisif ga ta ga wanda ya kashe mata miji a teburi ɗaya. Ana cewa a tsagaita wuta saboda dodanni sai Ulfric ya ce a ba shi Markarth mai ma'adinin azurfa tukunna, Tullius ya ce to me za a ba shi, a nan ma kai za ka zaɓa, Riften ko wani ƙaramin yanki irin Dawnstar, sai aka koma kamar cinikin shanu a kara, wannan ya ce an yi masa kwange wancan ya miƙe zai tafi a riƙo shi, garuruwa da mutanen cikinsu ake musaya babu wanda ya tambaye su. Har maganar diyyar kisan da aka yi a ƙauyen Karthwasten sai da aka jefo a matsayin abin ciniki. Sai da tsoho Esbern na Blades ya tashi ya wanke su tas, ya ce duniya ce ke shirin tashi kuna nan kuna rabon gari, sannan aka sa hannu kowa fuska a murtuke. Kuma sulhun na ɗan lokaci ne, ana gamawa da babban dodon Alduin aka koma ruwa.

In ka ci yaƙin wa Daula, bayan an kashe Ulfric a fadarsa za ka ji Rikke ta yi masa addu'a da sunan Talos a hankali, Tullius ya ce me kika ce, ta ce ba komai. Shi kansa Tullius zai faɗa maka a tsakaninku cewa sulhun da aka yi da Thalmor bai yarda da ɗorewarsa ba. In Ulfric ka bi kuwa sai ka kai wa Balgruuf hari, mutumin da ya karɓe ka hannu biyu tun kana ba kowa ba ya ba ka sarauta a garinsa, kuma zai kalle ka ya faɗa maka maganar da za ta tsaya maka a rai. Sarakunan da ake naɗawa bayan nasara su ma abin dubawa ne, Daula in ta karɓi Riften Maven Black-Briar take ɗorawa, matar da kowa ya san ita ke ɗaure wa ɓarayin garin gindi, Ulfric in ya karɓi Markarth gidan Silver-Blood yake ba, masu kurkukun da fursunoni ke haƙar musu azurfa.

To an gama tona asiri, yanzu ga inda gem ɗin ya ba ni haushi, kuma haushin ba kaɗan ba.

Duk wannan ginin da aka yi, in ka zo buga yaƙin da kansa sai ka ga abin ba nauyi. Bayan neman wani tsohon kambun sarauta da harin Whiterun, sauran kusan abu ɗaya ne ake maimaitawa, je ka sansani kaza, kashe sojoji har lambar da ke saman allo ta sauko sifili, dawo a ba ka wani sansanin. Yaƙin da aka ce ya raba ƙasa biyu sai ka ga mutum goma sha wani abu suna guje-guje a fili, na san injinan 2011 ba za su ɗauki dubban sojoji ba amma ko a haka an yi ƙwauro. Mishan ɗin ɓangarorin biyu ma kusan hoton juna ne, launin riga kawai ya bambanta. Babu hanyar da za ka bi ka kawo sulhu na dindindin, babu damar ɗaukar fayil ɗin nan ka ajiye a gaban Ulfric ko Tullius ka ga yadda fuskarsu za ta yi, abin da duk mai hankali zai fara yi kenan. Ka gama yaƙi masu gadi su canza kaya, sarakunan da aka tsige su koma zaman kashe wando a fadar wanda suka mara wa baya, shikenan, ba a ma nuna taron naɗa sabon Babban Sarki ba. Mafi ban dariya, akwai layin labarin 'yan kisan haya inda za ka iya kashe Sarkin Daula Titus Mede ɗin da kansa a cikin jirgin ruwansa, mutumin da ya sa hannu a yarjejeniyar da ta haifi duk wannan bala'in, kuma washegari gari ya waye kamar ba a yi ba, in ban da 'yan maganganun masu gadi. Haba. Kuma kana iya zama ɗan Elf ka shiga rundunar Ulfric, tambaya ɗaya Galmar, na hannun daman Ulfric, zai maka a wuce wajen.

Su Thalmor ɗin ma an bar su a rataye. An gina su a matsayin manyan maƙiya, an cika maka ciki da su, amma babu wani babban mishan na fuskantarsu, ƙarin labaran da aka fitar daga baya, Dawnguard da Hearthfire da Dragonborn, sun tafi wajen masu shan jini da gina gida da tsibirin Solstheim. An sanar da The Elder Scrolls VI tun 2018, masoya suna ta fatan a can za a ƙarasa zancen.

Sauran abubuwa a taƙaice. Faɗin duniyar da 'yancin yawo har yanzu da wuya ka samu kamarsa, kana iya manta da yaƙi da dodanni ka tafi farauta ko ƙira ko ka yi aure ka gina gida. Kiɗan Jeremy Soule ba magana. Hoto ya tsufa musamman fuskokin mutane, amma duwatsu da dare da hasken sama har yanzu suna da kyau a Special Edition. Faɗa da takobi bai da wani fasaha, sara ne kawai da karewa, baka da kibiya cikin sanɗa ya fi daɗi shi ya sa kowa ke ƙarewa a can. Tangarɗa kuwa an san gem ɗin da ita tun fitowarsa, mishan ya maƙale, mutum ya nutse a cikin ƙasa, na PS3 ma ya yi ƙaurin suna wajen yin nauyi in ajiyar wasanka ta girma, don haka in da hali a guji wannan. A kwamfuta akwai gyare-gyaren da masoya ke yi da kansu da ake kira mod, akwai wanda aikinsa kawai toshe kurakurai, akwai masu faɗaɗa yaƙin basasar ma, a shafin Nexus Mods ake samun yawancinsu kyauta.

Ga mu nan kuma abin da zai fi damun mutum, ba ya buƙatar intanet in ka riga ka sauke, wanda babban abu ne ga mai lissafin data. Special Edition wajen gig 12 ne, kuma suna neman RAM gig 8, laftof mara katin hoto mai kyau zai sha wahala. Farashinsa a Steam, kasuwar gem ta kwamfuta a intanet, kusan dala 40 ne amma ana yawan karya shi lokacin rangwame, ni dai ba zan ba mutum shawarar ya saya a cikakken kuɗi ba, gem ɗin ya haura shekara goma, a jira. Babu shi a wayar Android, duk wanda ya turo maka wani fayil wai Skyrim na waya ka yi hankali da wayarka. A dinga ajiye wasa akai-akai saboda ɗauke wuta, a kwamfuta F5 ne. Turancinsa kuma yana da ɗan nauyi, a kunna rubutun ƙasan allo, don wanda ba ya bin maganganun da takardun to duk abin da na yaba a sama zai wuce shi, sara kawai zai gani.

Iyaye kuma ku sani ba na yara ba ne, an yi masa alamar manya, akwai jini da fille kai da giya da tsafi da bautar gumaka a ko'ina cikin labarin, duk da ƙirƙirarriyar duniya ce. Wanda irin wannan ke damunsa gara ya sani tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Maki na, rubutun siyasar da yadda aka ɓoye shi a bakin mutane 9 cikin 10, yaƙin da kake bugawa da hannunka 5, gem ɗin gaba ɗaya 8. In za ka fara, kar ka yi saurin shiga kowace runduna, ka zaga Windhelm da Solitude da Markarth tukunna ka saurari kowa, ka bi babban labarin dodanni har a kira zaman High Hrothgar, don in ka riga ka gama yaƙin basasar kafin lokacin gem ɗin tsallake zaman yake gaba ɗaya ba za ka gan shi ba.